Ƙamus, Manhaja ko Mai Lesin: Na Gwada Su da Kalmar "Space"

Wata Asabar da hantsi ina zaune a zaure ina duba takardun ɗalibai, sai ga 'yar yayata ta shigo da littafin Turancinta a hannu, fuska a murtuke. Tana aji biyu na babbar sakandare. Ta gaishe ni, ta durƙusa a gefen tabarma, ta ce, "Kawu, don Allah duba mini nan. Malam ya soke amsata, ni kuwa ban ga inda na kuskure ba."

Labari aka ba su su karanta, na wata mata da aka kawo wa saƙon rasuwar ɗan'uwanta. A ciki akwai jimlar da ke cewa *she sat staring into space*. Aka tambaye su: me matar take yi? Yarinyar ta ɗauki wayar babarta, ta zuba jimlar a wata manhajar fassara, aka ce mata matar ta zauna tana kallon sararin samaniya. Ita kuwa ta rubuta cewa matar tana kallon taurari. Alhali baiwar Allah ko ɗaga kai ba ta yi ba. Zuru ta yi, ido a buɗe amma ba ta ganin komai, irin zaman da duk wanda ya taɓa shiga gidan makoki ya sani.

Da yamma Yaya ta kira ni. "Kai ne malami, sai ka faɗa mini. Ƙamus zan saya mata, ko data zan riƙa sa mata, ko mai lesin zan nema? Kuɗin abu ɗaya nake da shi, ba na uku ba."

Tambayar nan ba Yaya kaɗai take damu ba. Ina jin ta daga iyaye, daga masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB, har daga matasan da suka fara aikin fassara a gidajen rediyo. Shi ya sa na ɗauki kalmar da ta kayar da yarinyar nan na mayar da ita ma'auni. Kayan aikin da ya iya da *space* zai iya da yawancin kalmomin Turanci.

Abin da ya sa na zaɓi wannan kalmar

Kalmar ta shiga Turanci wajen shekara ta 1300 daga tsohon Faransanci, asalinta kuma Latin ne, *spatium*. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san 'yar'uwarta ta Faransanci, *espace*. Tun shigowarta take ɗauke da kaya biyu, faɗin wuri da tsawon lokaci, daga baya kuma aka yi ta ɗora mata wasu. Turanci ya tara su duka a kalma ɗaya. Hausa kuwa ta rarraba su, kowane da gidansa.

In direba a tasha ya ce *there is no space*, babu wuri ke nan, mota ta cika, ba masaka tsinke. In an ce *parking space*, wurin ajiye mota ɗaya ake nufi, wanda ake iya ƙirgawa. In takardar jarrabawa ta ce *fill in the blank spaces*, cike gurbi ne. *Open space* fili ne ko sarari, inda yara ke buga ƙwallo ko ake sallar Idi. Ɗan abin da ake bari tsakanin kalma da kalma a rubutu tazara ce, dogon maɓallin nan na ƙasan allon kwamfuta kuma shi ke saka ta. Daga nan ne aikatau ya fito: manomi da aka ce masa *space the plants* tazara ake so ya bayar tsakanin shuka da shuka, *child spacing* kuma da ake ji a asibiti shi ne tazarar haihuwa.

Sai ta koma lokaci. *In the space of two weeks* ba shi da alaƙa da fili ko kaɗan, "cikin mako biyu kacal" ne. Sai ta shiga zuciya: wanda ya ce *give me some space* ba matsawa gefe yake so ka yi ba, so yake ka ƙyale shi ya sarara. Sai ta hau sama: tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, Yuri Gagarin kuma ya zagaya duniya a 1961, *space* ta ƙara yin fice a matsayin sunan can inda kumbo da tauraron ɗan'adam ke shawagi, abin da gidajen rediyonmu suka saba kira sararin samaniya. Najeriya ma ta kafa hukumarta ta wannan fanni a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003. A nan ma akwai tarko, domin da Nijar ta rufe *airspace* ɗinta a watan Agustan 2023, da Hausa "sararin samaniya" aka ce. Ke nan lafazi ɗaya muke yi wa hanyar jirgin sama da kuma hanyar kumbo, alhali Turanci ya raba su.

Zamani ya ƙaro nasa. Matashi zai ce maka wayarsa ba ta da *space*, wato ma'ajinta ya cika. A dandalin X ana buɗe *Space*, zauren hira ta murya. 'Yan ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma ba sa gajiya da faɗin *civic space*, wanda a Hausa ya fi kusa da "fage", fagen da jama'a ke faɗin albarkacin bakinsu. Akwai kuma *watch this space*, wato ku kasa kunne, akwai labari tafe.

Idan aka juyo daga Hausa, tarkon ya fi zurfi. Wanda ya ce "na sayi fili a bayan gari" bai sayi *space* ba, *plot* ya saya. Wanda ya ce "in na sami sarari zan zo" lokaci yake nufi. "Magana a fili take" kuwa ba ruwanta da ƙasa. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta wa shugaban makaranta cewa mahaifinsa ya sayar da *space* don ya biya masa kuɗin makaranta. Ba wauta ba ce. Ya ga an jera kalmomin biyu a layi ɗaya, ya ɗauka duk inda ɗaya ta shiga ɗayar ma za ta shiga.

Ma'aunin da na bi

Abu na farko, kuma mafi nauyi a wurina: shin kayan aikin yana nuna kalma a cikin jimlarta, ko kuwa tsirara yake miƙo ta? Domin bambancin *in space* da *in the space* ƙaramar kalma ɗaya ce, amma na farko yana can wajen taurari, na biyu kuma yana cikin gurbin da ke gabanka.

Na biyu, ingancin Hausar da yake bayarwa, in yana bayarwa. Na uku, kuɗi: na saye da na riƙewa, don akwai abin da ake saya sau ɗaya, akwai wanda kullum sai an ciyar da shi. Na huɗu, ƙarko, ta fuska biyu: jikin abin, da kuma ko iliminsa yana tsufa. Na biyar, sauƙin amfani ga mai shi, ba ga malaminsa ba. Na shida haɗari, musamman kuskuren da ba ya nuna kansa. Kuskuren da ya fito a hargitse ɗalibi zai gane ya tambaya. Wanda ya fito sumul, cikin jimla mai daɗin ji, shi ne ke kai mutum rami.

Ƙamusun Turanci zuwa Hausa na takarda

A nan ya kamata mai saye ya fara duba bango da kyau, don ba kowane ƙamusun Hausa ne zai yi masa wannan aikin ba. Manyan ƙamusoshin da ake ji da su, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, daga Hausa suke tashi su nufi Turanci. Taska ce ga mai nazarin harshe, amma ba su ne buƙatar 'yar sakandare ba. Na Bargery ma ya riga Sputnik fitowa da shekara 23, don haka babu batun neman kumbo a cikinsa. Waɗanda suka tashi daga Turanci su ne irin na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, sai kuma wanda ita da Paul Newman suka haɗa, mai fuska biyu, da maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta fitar a 2020.

Ƙarfin wannan zaɓin shi ne Hausarsa. Mutane ne da suka shafe shekaru suna aiki da masu harshen suka tace ta. Mai kyau daga cikinsu yana raba ma'anoni, ya kawo gajerun misalai, har ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali. Ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, babu abin da ya kai ganin ma'ana cikin harshen uwa sanyaya rai.

Rauninsa kuwa girma ne da shekaru. Shafi ba ya miƙewa, dole marubuci ya zaɓi ma'anoni uku ko huɗu ya bar sauran. Karin magana irin wanda ya kayar da 'yar yayata sau da yawa ba ya samun shiga. Ma'ajin waya da zauren X kuwa sun zo ne bayan an gama buga yawancin littattafan nan. Haɗarinsa shi ne wanda na ambata: ɗalibi ya ga kalmomi uku a jere, ya ɗauki ta farko ya wuce.

Kuɗinsa sau ɗaya ne. Bugun gida ya fi na waje sauƙi nesa ba kusa ba, matsalar dai samunsa, don ba kowane shagon littattafai ke ajiye shi ba, sai an nufi shagunan jami'o'i ko manyan masu sayar da littattafai na birni. Ƙarko kuwa, in an tsare shi daga gara da yoyon damina, yaya zai yi amfani da shi ya bar wa ƙane. Ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ana shiga da shi makarantar kwana inda aka hana waya.

Wani ɗan ƙari ga masu fassara: ƙamusun Hausa zalla da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 ba zai gaya maka ma'anar kalmar Turanci ba, amma shi za ka buɗe in kana kokwanto tsakanin fili da sarari da gurbi.

Ƙamusun Turanci zalla na masu koyo

Wannan ne nake so a fi tsayawa a kansa, don shi ne mutane suka fi tsoro, kuma shi ne ya fi biyan buƙata. Ƙorafin da nake ji kullum shi ne, "Malam, ta yaya zan nemi ma'anar Turanci a ba ni da Turanci?" Amsar tana cikin tarihin littafin. A. S. Hornby, wanda ya assasa ƙamusun Oxford na masu koyo, malamin Turanci ne a Japan. Ɗalibansa baƙin harshe ne kamar namu. A can aka fara buga aikin a 1942, Oxford ta ɗauke shi a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Tun asali don wanda Turanci ba harshensa ba ne aka yi shi. Na Longman, wanda ya fara fitowa a 1978, ya ɗaure kansa da kalmomi kimanin 2,000 masu sauƙi, da su yake bayyana duk sauran. Ɗalibin da ya kai aji uku na ƙaramar sakandare da ƙoƙarinsa ya san yawancinsu.

Buɗe *space* a irin wannan ƙamus ka ga bambanci. Ma'anoni suna jere da lamba, kowace da jimlolinta. A gefen kowace akwai harafin da ke nuna ko ana ƙirga ta ko ba a ƙirgawa, wanda shi ne ke hana ɗalibi rubuta *there are no spaces in the room* alhali yana nufin ɗakin ya cushe. A ƙasa kuma akwai karin magana, inda *stare into space* ke zaune da bayaninsa. Da yarinyar nan ta duba nan, da amsarta ba ta sha jan biro ba. Yana kuma nuna kalmomin da suke tafiya tare: a Turanci ana cewa kaya sun *take up space*, ana *make space* don baƙo, ana *save space*. Wannan shi ne ilimin da ke raba mai rubutu da mai haɗa kalmomi.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne ba ka Hausar. Zai kai ka bakin ma'ana, kai za ka tsallaka da kanka. Ni a ganina wannan ba aibi ba ne ga ɗalibi. Yaron da ya karanta bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "Au, ashe zuru ta yi!", ya mallaki kalmar har abada, domin shi ya nemo mata gida.

Ta fuskar kuɗi, sabo na asali yana da tsada, kuma farashinsa yana bin dala. Kasuwa cike take da na jabu: takarda shara-shara da ake hango rubutun baya, tawada ta dusashe, wani lokaci a tarar da shafuka sun ɓace ko an maimaita su. Kafin ka biya, buɗe wurare uku ko huɗu ka bi lambar shafi, ka ja bangon a hankali ka ga ko ɗinkin zai riƙe. Tsohon bugu na asali, na hannu, ya fi sabon jabu. Ma'anonin da jarrabawa ke tambaya ba su canja ba tsakanin bugu na takwas da na goma. Ga mai waya kuma, shafukan Oxford da Cambridge da Longman na masu koyo kyauta ne a intanet, suna cin data kaɗan, har da muryar da ke furta kalmar. Nauyin littafin dai a jaka gaskiya ne, kuma mako biyun farko sai an zauna da yaro an nuna masa yadda ake karanta alamominsa. In ba a yi haka ba, zai zama abin ado a kan kabad.

Manhajar fassara

Google Translate ya saka Hausa a watan Disamban 2013, tare da Yarbanci da Igbo, kuma daga lokacin zuwa yau an sami ci gaba na gaske. Kyauta ne, ana iya sauke Hausar a waya a yi aiki ba tare da data ba, ana iya haska takarda da kyamara a ga fassara nan take. A sauƙi babu na biyunsa.

Sai dai ya kamata a san yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki. Ba fahimtar magana suke yi ba. Suna koyo ne daga tarin rubutun da mutane suka riga suka fassara, su duba wace kalma ce ta fi yawan zama a madadin wace. Rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in an kwatanta da na Faransanci ko Larabci, kuma kaso mai yawa labarai ne da rubutun addini. A labarai kuwa, *space* ta fi fitowa a batun kumbo da 'yan sama jannati. Shi ya sa inji ke saurin ɗaga kai sama ko da maganar a ƙasa take. Jimla madaidaiciya yakan kawo ta daidai. Karin magana da zancen zuci ne ke ba shi wahala, kuma ko ya kuskure ba zai nuna alamar shakka ba.

Ga mai son ya san abin da saƙo ya ƙunsa a gurguje, ya wadatar. Dabara ɗaya tana rage ɓarna: kada a zuba kalma ita kaɗai, a zuba jimla cikakkiya, sannan a mayar da Hausar da ta fito zuwa Turanci a ga ko ta koma inda ta taso.

Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 irinsu suka yawaita, har akwai wanda ke zaune cikin WhatsApp. Fifikonsu a kan manhajar fassara shi ne ana mayar musu da tambaya. Za ka iya cewa a ba ka ma'anonin kalmar guda takwas da misalai, ka ce a bambanta maka *space* da *room* da *place*, ka rubuta jimlarka ka ce a duba. A bayanin Turanci suna da ƙarfi sosai, sukan kamo ƙamusun masu koyo.

Hausarsu ce ba ta kai Turancinsu ba. Sau da yawa kalmomin Hausa ne amma ƙashin bayan jimlar na Turanci ne, wani lokaci kuma a ƙago lafazin da ba Bahaushen da ya taɓa furta shi, a faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Suna buƙatar waya mai ɗan ƙarfi da data a kai a kai. Ga yaro kuwa akwai haɗari na daban, wanda ya fi damuna a matsayin malami: abin zai yi masa aikin gida gaba ɗaya, ya miƙa ya ci maki, ranar jarrabawa kuma ya zauna da biro da farar takarda.

Mai lesin

Mutum ne kaɗai zai ji jimlar nan ya ce, "Kin tuna zaman da Inna ta yi ranar da aka yi mana rasuwa? To shi ne." Babu littafi ko inji da zai yi wannan. Amma shi ne mafi tsada, don kuɗin wata-wata ne, kuma ingancinsa ya danganta da wanda aka samu. Gwajin da nake ba iyaye mai sauƙi ne: a tambaye shi wata kalma mai wuya. In ya ce bari ya duba ƙamus, a riƙe shi. In kullum yana da amsa a baki, ko da ta ƙage ce, a yi hattara.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Rarrabe ma'ana | Hausa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙamusun Turanci zuwa Hausa | Matsakaici | Ingantacciya | Sau ɗaya, matsakaici | Shekaru, amma ba sababbin ma'anoni | Mai sauƙi | Ɗaukar kalmar farko |
| Ƙamusun masu koyo | Mafi kyau | Babu | Sau ɗaya, mai tsada. Kyauta a intanet | Shekaru masu yawa | Sai an koya | Jabu, ko a ajiye ba a buɗewa |
| Manhajar fassara | Rauni a karin magana | Hawa da sauka | Kyauta | Muddin waya na aiki | Mafi sauƙi | Kuskure cikin jimla mai kyau |
| Manhajar hira | Mai kyau | Mai ƙamshin Turanci | Data kullum | Muddin akwai data | Mai sauƙi | Ƙage da dogaro |
| Mai lesin | Gwargwadon mutum | Ta gida | Wata-wata | Abin da ya zauna a ka | Sai an daidaita lokaci | Malamin da ba ya bincike |

Wa ya dace da me

Ɗan firamare da ɗan ajin farko na ƙaramar sakandare, da dattijon da ya koma karatun yaƙi da jahilci, ƙamusun Turanci zuwa Hausa ya fi musu. Bayanin Turanci zalla zai kashe musu gwiwa tun ba a je ko'ina ba.

Ɗan babbar sakandare da mai shirin WAEC, NECO ko JAMB, ƙamusun masu koyo na takarda, ko da na hannu ne. Tambayoyin karin magana da na kalma a cikin jimla su ne ke cinye maki, kuma a nan littafin ya fi ƙarfi. In yaron yana makarantar kwana, zancen ma ya ƙare, tunda waya ba ta shiga.

Ɗan kasuwa da ke karɓar saƙo daga masu kaya a Legas ko Guwanzu ta ƙasar Sin, manhajar fassara ta ishe shi a harkar yau da kullum. Amma takardar yarjejeniya, ko wadda ta shafi fili da haya, kada ya sa hannu sai mutum ya karanta masa. *Shop space* a takardar haya na iya zama shago guda, na iya zama ɗan gefe a cikin shagon wani, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗan jami'a mai waya da data zai iya haɗa shafin ƙamus na kyauta da manhajar hira: ya nemi bayani a wurin manhaja, ya tabbatar a ƙamus. Ɗan jarida da mai fassara kuwa ba su da zaɓin ɗaya. Ƙamusun masu koyo don kama ma'ana, na Turanci zuwa Hausa da na Hausa zalla don zaɓen kalma, sannan a karanta fassarar da ƙarfi a ji ko mai sauraro a ƙauye zai gane ba tare da ya san Turancin da ke bayanta ba.

Mai lesin na wanda ke da hali ne, ko wanda jarrabawa ta matso kuma tushensa ya yi rauni sosai. Ko shi ɗin ma, a haɗa shi da ƙamus.

Yaya dai na ce mata ta ba ni kuɗin. Na sami tsohon bugu na asali a wurin wani mai sayar da littattafan hannu, bangon ya ɗan goge, da sunan mai shi na farko a shafin gaba, amma shafukan sun cika. Na zauna da yarinyar Asabar biyu muna bin alamomin ɗaya bayan ɗaya. Aikin da na ba ta shi ne ta buɗe *space*, ta kwafe ma'anonin a littafinta, ta rubuta wa kowace Hausarta da kanta. Ta kawo mini wuri, gurbi, fili, tazara da sararin samaniya. A gaban *breathing space* ta bar layin babu komai, ta ce ta san abin amma kalmar ta ƙi zuwa. Ana cikin haka babarta ta leƙo daga tsakar gida ta ce a bar yarinya ta ɗan sarara ta ci abinci, sai na ga ta ɗauki biro da sauri.